Faifan Goggo Dudu

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta ma san ta tono komai ba. Da safiyar wata Asabar na fito tsakar gida na same ta tana guge kakinta na sikawut, ta shimfiɗa gyalen wuya a kan tabarma tana lallaɓa shi, wayarta a gefe sai ƙara take yi. Na ce ina aka nufa da wannan kwalliya, ta ce aikin taimako za su je, za su kai wa tsofaffi sabulu da abinci su share musu gida. Na ce to madalla. Sai ta ƙara da cewa za a ɗauki hoto, in duba waya da yamma zan gan ta a ciki. Ni da ko lambar kaina ban riƙe ba, wai in duba waya. Na yi dariya don kada ta ga fuskata, na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Kunya ce ta rufe ni, tsohuwar kunya wadda nake zaton ta mutu, ashe kwanciya kawai ta yi.

Mu ma mun sa wannan kaki, ko da yake in na faɗa wa yaran yanzu sai su kalli gwiwoyina su yi murmushi. A Adarawo aka haife ni, cikin tsohon garin Yola, lokacin da tsakanin Yola da Jimeta gonaki ne da ciyawa, in ka ce za ka Jimeta sai a yi maka addu'ar tafiya. Yanzu gidaje sun haɗe, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara, sai hayaniyar keke-napep da injin wuta. A wancan zamani abin da ke tashin mutum da safe turmi ne. Gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta fito unguwa duk ta ɗauka. Sai shanu su wuce ta bakin lungu, sai masu nono su biyo baya suna kira da Fulatanci, sai ƙarar guga a rijiya. A cikin waɗannan muryoyi akwai guda ɗaya da ta fi shiga raina, ita ce usur ɗin Malama Rifkatu.

Malama Rifkatu Kirista ce daga kudancin jiharmu, wajen Numan, a Jimeta take zaune, tana zuwa makarantarmu a kan keke, siket ɗinta a ɗaure da igiya don kada sarƙa ta kama shi. Ita ta kafa mana ƙungiyar sikawut ta 'yan mata. Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk “ya zo, ya tafi”, mu kuma mu ɓoye baki muna dariya, ta juyo ta ce, “Wanda ya yi dariya zai share aji.” Da ƙyar aka bar ni na shiga. Bappana, ƙanen babanmu, ya ce shi bai taɓa ganin 'ya mace da kaki kamar ɗan doka ba. Dada, wato mahaifiyata, ita ta raba gardamar. Ta ɗauki siket ɗin ta ƙara masa tsawo har ya kusa share ƙasa, ta ce yanzu a nuna mata ɗan dokan da ke sa irin wannan. Shi ke nan magana ta mutu.

Kai, mun yi aiki a wannan kaki, mun kuma yi wasa. Ranar Juma'a da yamma muke wanki, mu dama sitaci da rogo, mu hura gawayi a dutsen guga, in ka yi sakaci toka ta zubo a kan farar riga, sai kuka. Asabar mu share gaban kasuwa, ko mu cika tulunan asibiti, ko mu koyi ɗaure rauni, inda kowace yarinya take so ita ce mai karyewar ƙafa don a ɗauke ta a kan sanduna. Mun koyi ƙulli iri-iri, har yau in na ɗaure buhu ba mai kwance shi sai ni. Wani lokaci a kai mu bakin Binuwai mu haɗu da 'yan ƙungiyar Jimeta, mu kafa duwatsu uku mu yi girki, shinkafa ta ƙone, mu cinye abinmu da hayaƙinta muna waƙa. Da azahar mu Musulmi mu koma gefe mu yi salla, su kuma su tsare mana tukunya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan da wani babban suna, kawai haka ake yi. Yanzu sai an kira taro an raba riguna masu rubutu kafin yara biyu su ci abinci a kwano ɗaya.

Akwai doka guda da Malama ta fi nanatawa. Kullum ki yi wa wani alheri, kuma kada ki karɓi komai. “In kun taimaki mutum kuka miƙa hannu,” in ji ta, “to ƙwadago kuka yi, ba taimako ba.” Wannan magana ta zauna mini a kai daram. Da aka naɗa ni shugabar rukuninmu aka rataya mini usur a wuya, sai na fara tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Ko ƙannena in na kira su cin abinci da usur nake kiransu, har sai da Dada ta ce in ta ƙara ji a gidanta za ta jefa shi rijiya.

A ƙarshen lungunmu akwai wata tsohuwa, Goggo Dudu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun riga ta, shanun gidansu da ake labari sun ƙare tun kafin a haife ni. Idanunta sun yi rauni, amma yatsunta na gani, faifai take saƙawa, irin wanda ake rufe ƙwaryar nono da shi. Ba ta da komai, kowa ya sani, kuma ba wanda ya taɓa faɗa. Yadda unguwa take ciyar da ita shi ne, in an sauke tukunya sai a zuba a kwano a rufe, a ba yaro, a ce, “Je ka ce wa Goggo ta ɗanɗana mana gishiri.” Ita kuma ta karɓa, ta lalubi ƙasan tabarmarta ta ba ɗan aiken tukwici: 'yar gyaɗa, ko tsamiya, ko goriba guda. Washegari kwano ya dawo a wanke. Ni kaina na kai wannan kwano ba sau ɗaya ba, na ci goribar Goggo har haƙorana suka yi tsami. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce yarinya ce, ba ta sani ba. Na sani sarai.

Da Malama ta ce kowane rukuni ya nemo tsohuwar da za a yi wa aiki, ni na ɗaga hannu na ambaci Goggo Dudu. Ranar Asabar muka jeru, tsintsiya a kafaɗa, bokiti a hannu, ni a gaba ina busa usur, muka shiga lungu da waƙa. Mata suka leƙo ta saman zana, yara suka biyo mu. Goggo tana zaune a inuwar ɗakinta, ta ji mu tun daga nesa, ta gyara mayafinta. Muka share mata gida tas, muka cika randa, muka ɗaure zanar da ta faɗi, muka ajiye mata tuwo da miyar kuɓewa da muka dafa a makaranta. Ita dai sai “useko, useko” take cewa, wato godiya. Da muka gama ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta daɗe a ciki. Sai ga ta da faifai a hannu, ba irin wanda take kaiwa kasuwa ba. Saƙarsa ƙanana ce, da ja da baƙi suna zagaye, na sha ganinta tana yinsa tun kafin azumi. Ta kira sunana, ta miƙo mini da hannu biyu.

Na tsaya ƙyam, na ɗaga yatsu uku kamar yadda aka koya mana, na ɗaga murya don 'yan rukunina da matan da ke leƙe su ji.

“Goggo, mu ba ma karɓa. Mu saboda Allah muke yi wa marasa ƙarfi.”

Hannayenta suka tsaya a inda suke. Ba ta janye su nan da nan ba, kamar tana jiran in ce wasa nake. Can ta ce, a hankali, “Ashe sadaka ce. Ni na ɗauka 'yar maƙwabciyata ce ta kawo mini ƙawayenta.” Ta sunkuya ta ajiye faifan a kan tabarma, ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ni kuwa na busa usur muka fita da waƙarmu, ina jin na yi abin a yaba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Dada ba ta doke ni ba, na gwammace ta doke ni. In ranta ya ɓaci Fulatanci take komawa, kuma muryarta ƙasa take yi ba sama ba. Ta ce in cire wannan riga tukuna. Na cire. Ta ce, “Shekara nawa unguwar nan tana ciyar da matar nan? Kin taɓa jin wani ya ce mata ga abinci? Gishiri muke cewa ta ɗanɗana. Goribar da take ba ki, kina zaton ba mu da goriba a gidan nan? Da ita take zama mutum irinmu. Mun kawo, ta bayar, an yi zumunci. Ke yau kin tara mata jama'a da usur, kin ce mata ke mabaraciya ce.” Na ce doka ce, Malama ce ta ce. Ta ce, “Malama baƙuwa ce a lungun nan. Ke fa?” Sai ta ce in koma in durƙusa in nemi tukwicina.

Na koma da zanen gida, babu usur. Ƙofar zana a rufe. Tuwonmu yana waje a bakin ƙofa, ba a taɓa shi ba, kaji sun ture murfin. Na durƙusa na yi sallama, na ce, “Goggo, na zo karɓar tukwicina.” Na jira. Na sake faɗa. Sai muryarta ta fito daga ciki, ba faɗa, ba zafi, “Na ƙoshi, 'yata. Ki gaida Dadarki.” Daga ranar ba ta sake karɓar kwanon gidanmu ba, na sauran gidaje ma sai da lallashi. Kafin ruwa ya sauka wasu dangi na nesa suka zo suka tafi da ita wani ƙauye a hayin kogi, can ta rasu. Da Malama Rifkatu ta ji yadda aka yi, ta riƙe kai ta ce, “Kai, me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni kuɗi nake nufi. Tsohuwa ya ba ka abin hannunsa, ka ce a'a?” A wannan shekarar Dada ta zaunar da ni ta koya mini saƙar faifai, wai in san yawan tsinin allurar da ke cikin abin da na ƙi.

Amma yaro ba ya daɗewa da kunya, sai ya nemi inda zai ajiye ta. Ni a kan Goggo na ajiye tawa. Na ce taurin kan tsofaffin Fulani ne, mutum yana jin yunwa yana cewa ya ƙoshi. Da na yi aure aka kai ni wani gari can bayan Mubi, gindin duwatsu, har labarin ban dariya na mai da shi. In mata sun taru ana hirar halin Fulani sai in kawo Goggo Dudu, in kwaikwayi muryarta, “na ƙoshi, 'yata,” a yi ta dariya. A lokacin ni ce mai aika kwano. Mijina ɗan kasuwa ne, rumbu biyu muke da su, ban taɓa tunanin akwai ranar da zan zauna a ɗaya ɓangaren ƙofar ba.

Sai masu bindiga suka zo. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba, waɗanda suka gani ba sa so, waɗanda ba su gani ba kuma ba za su gane ba. Maigida ya riga ya rasu, Allah ya rufa masa asiri bai ga ranar ba. Da hantsi ne, ina tsince wake, aka fara harbi ta wajen kasuwa. Na goya wannan jikar tawa, lokacin tana ƙarama, na bi mutane cikin duwatsu. 'Ya'yana kowa ya yi ta kansa, wayata tana kan taga. Muka yi ta tafiya har ƙafa ta daina ciwo ta koma kamar ta wani, sannan wata babbar mota ta kwashe mu zuwa Yola. Garin da aka haife ni, amma ban san ƙofar da zan buga ba. Iyayena sun rasu, gidanmu na Adarawo an sayar an raba gado, 'yan'uwana maza suna can wasu jihohi. Na je unguwar Alkalawa gidan matar wani ɗan'uwanmu, na tarar har zaure mutane ne kwance. Na tsaya a bakin ƙofa na ga yadda take rarraba tuwo da ludayi, na juya tun ba ta gan ni ba. Aka kai mu wata makarantar firamare a Damilu, cikin Jimeta, aka ba mu aji, muna kwana a ƙarƙashin allo.

Mutanen Yola da Jimeta sun yi ƙoƙari, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Masallaci ya kawo, coci ya kawo, matan unguwa suka kafa manyan tukwane a filin ƙwallo. Amma abinci sai an bi layi, kowa da roba a hannu, wani lokaci ga mai hoto a tsaye. Na tashi zan shiga layin nan, ƙafata ta ƙi. Na sake gwadawa washegari, na kai rabin fili na dawo. Wata mata 'yar wajen Michika da muke kwana kusa da juna ita take karɓo wa jikata tare da 'ya'yanta, in ta ce, “Mama, ke fa?” sai in ce azumi nake. Da magariba in sha ruwa, in ɗan tsinci abin da yarinya ta rage in na tabbata ba mai kallo. Tsofai-tsofai da ni ina ƙarya da azumi, wannan ma wata kunyar ce a kan kunya. Jiri ya fara ɗaukata in na ɗago daga sujada. Matar nan ta ce mini, “In kika faɗi, wa zai riƙe yarinyar nan?” Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce, amma layin nan na kasa.

Wata safiya ina kwance sai na ji usur. Na ce ko jirin ne. Na leƙa ta taga, ga su nan, 'yan mata da kaki, wasu da hijabi a ƙarƙashin gyalen, suna share fili suna ɗebo ruwa, suna tara yara suna koya musu waƙa. Na ja mayafi na rufe fuska kamar za su gane ni. A cikinsu akwai wata siririya mai suna Nafisa, ita aka ba ajinmu ta share. Ta lura ba na fita. Washegari sai ga ta da kwano daga gidansu, a rufe, ta durƙusa ta ce, “Goggo, ga wannan.” Goggo, wai ni. Na ce ta ajiye, Allah ya yi albarka. Hannuna da kansa ya tafi ƙasan tabarma yana lalube, babu komai sai siminti. Na ba jikata abincin, na ɗan taɓa kaɗan, na ture kwanon. Ta sake kawowa, ta sake kawowa. Kowane kwano sai in ji na ƙara ƙanƙancewa.

Bayan katangar makarantar akwai doguwar ciyawa. Na lallaɓa na yanko, na shanya. Buhunan shinkafar da aka juye suna jibge a bayan ofis, na roƙi guda na warware zarensa, fari da kore. Matar Michika ta ara mini babbar allura. Na zauna ina saƙa, ido yana ruwa, in huta in ci gaba. Ba faifan kirki ba ne, da Dada ta gan shi da ta ce in warware. Amma da na ɗaure bakinsa na ƙarshe sai na ji kamar an mayar mini da ɗakina. Na ce yau in yarinyar nan ta zo zan ci abinci in ƙoshi, don yau aike aka yi mini, ni ma ina da abin sallamar ɗan aike.

Ta zo da hantsi, ta ajiye kwano. Na ce, “Tsaya, 'yata.” Na jawo faifan na miƙa mata da hannu biyu. Ta yi murmushi, yarinya mai hankali, ba da wulaƙanci ba, ta miƙe tsaye ta ɗaga yatsu uku.

“A'a Goggo, mu ba ma karɓar komai. Ki riƙe abinki, ai ku ne masu buƙata.”

Na ga hannayena a sama, riƙe da abin zaren buhu, a gaban mutanen aji. Ban san yadda ake sauke hannu a irin wannan wuri ba, sai ranar na gane dalilin da na Goggo Dudu suka daɗe. Na ce, “To.” Ta fita. Na ɗauki kwanon na ajiye a bakin ƙofa ta waje, na koma na juya fuska ga bango. Ba yarinyar nake jin haushi ba. Muryata nake ji a cikin taron mata ina kwaikwayon tsohuwa, ana dariya. Shekara da shekaru ina sayar da mutuncin matar nan don a ce na iya hira. Na yi kuka ranar, irin wanda ban yi ba ko a cikin duwatsu.

Washegari ina zaune aka yi sallama. Nafisa ce, amma babu kaki, atamfa ta ɗaura, idanunta sun kumbura. Ba ta shigo ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, sabon kwano a gabanta.

“Goggo, kakata ta ce in zo in karɓi tukwicina. Ta ce in ban koma da shi ba, kada in sa hannu a abincin gidanta.”

Wallahi maganar tana kan harshena. Na ƙoshi, 'yata. Na ji daɗinta tun kafin in furta, don a duk abin da na mallaka a duniya ranar, ita kaɗai ce tawa. Gida ya tafi, rumbu ya tafi, 'ya'ya ban san inda suke ba, amma ina da ikon in ce a'a. A nan na san Goggo Dudu ba taurin kai ta yi ba, abin da ya rage mata ne ta riƙe. Sai na dubi yarinyar nan a durƙushe, kanta a ƙasa, yatsunta suna murza bakin zane. Na san wannan durƙuson. Na kuma san inda “na ƙoshi” take kai yarinya, da yawan shekarun da take bin ta.

Na ce, “Shigo.” Ta shigo da gwiwa. Na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta gode. Ta juya shi ta duba gaba da baya, tana jan hanci, sai ta ce, “Goggo, nan gefen ya ɗan karkace.” Na ce, “Ke, ji mini marar kunya. Jiya kin ƙi, yau kina kushewa. Kawo abina.” Ta ɓoye shi a bayanta, muka yi dariya, matar Michika ma ta taya mu. Na jawo kwanon na buɗe, tuwo ne da miyar kuɓewa. Na wanke hannu na ci a gabanta, na suɗe kwanon tas, na wanke na ba ta ta kai gida. Daga ranar na fara samun ƙarfi. Da 'ya'yana suka gano inda nake, a kan ƙafata suka same ni, har na koya wa rabin matan ajin saƙar zaren buhu. Ban koma bayan Mubi ba, a Damilu muka zauna har yau.

Ina zaune a bakin gado ina wannan tunani sai na ji jikata tana jan ƙofar gida za ta fita. Na ƙwala mata kira ta dawo, gyale a wuya, waya a hannu, tana duba lokaci. Na ce, “In kin je, wata tsohuwa ta miƙo miki abu, ko ƙwayar gyaɗa ce, ki sa wayar nan a aljihu, ki durƙusa ki karɓa da hannu biyu.” Ta ce, “Kaka, ai an hana mu.” Na ce, “Ki karɓa. In malamarku ta yi magana, ki turo mini ita.” Ta kalle ni kamar tsufa ya fara taɓa ni, ta ce to, ta fita da gudu.

Wani lokaci in an kai ni Yola gaisuwa mukan bi ta Adarawo. Lungunmu yana nan, amma inda ɗakin Goggo yake yanzu shago ne, samari suna cajin waya. Nakan ce wa mai keke-napep ya ƙara wuta. Na sha tambayar kaina ina faifan nan ya ƙare, mai ja da baƙi, ko ta tafi da shi hayin kogi, ko wani ya rufe ƙwarya da shi har ya tsufa. Duk inda yake, nawa ne. Da sunana ta kira ni ta miƙo, kuma har yau ban karɓa ba.